Kwalaben da Aka Aiko wa Malam daga Agadas

Da na yi magana tun ran da na ga ƙwayoyin nan cikin gwangwanin shayi, da Malam yana nan da ransa? Na tambayi majo, ya ce rai na Allah ne. Na tambayi liman, shi ma haka ya ce. Ni ma na sani, amma tambayar ta ƙi barina. Rabi, rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini. Ban yi lakwal ba, ban iya rubutu ba, bakina kawai gare ni, kuma ina so ku sababbin ma'aikata ku ji wannan. In kin ga ina share ido, ci gaba da rubutunki.

A likitar garinmu, wato ɗan asibitinmu, nan ƙasar Falanko, mu biyar ne a lokacin. Majo shi ne babba, shi ke duba marasa lafiya yana rubuta magani. Ƙarƙashinsa akwai mai yin allura da ungozoma. Can ƙasa sai mu biyu, ni da mai gidana. Ni ce mai shara da wanke kwanonin aiki da ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta, kuma da yake na tashi cikin Fulani, in makiyaya sun zo ni ke yi wa majo tafinta. Mai gidan nawa, Malam, shi ne mai gadi. Shi ke buɗe ƙofa, ya jera mutane a inuwa, ya nuna wa masu amalanke inda za su ɗaure jakunansu. Don ina shiga ɗakin majo shi kuma yana waje, sai ya sa mini suna Madam. A gaban kowa haka yake kirana.

Malam ya daɗe da ciwon suga, ga kuma gyambon ciki da ke taso masa in ya yi jinkirin cin abinci. Ga yadda ake yi da masu suga: kowane wata su zo da safe ba su ci kome ba, a soki yatsa, a ɗiga jinin a ɗan inji, majo ya rubuta abin da ya nuna a karne, ɗan littafinsu na likita, sannan a ba su ƙwayoyin wata. Malam ba ya bin layi, tun da shi ke jera layin. In an sami sarari sai a kira shi.

Ɗanmu na fari yana aikin gini a Agadas. Kin san al'adarmu, ɗan fari ba a faɗin sunansa, ba a nuna masa so a fili. Malam "wancan na Agadas" yake ce masa. In yaron ya kira waya, sai Malam ya amsa gaisuwa da kalma biyu ya miƙa wa ƙanwar yaron. Bayan girbin gero, sai ga direba ya sauke mana kwali biyu na kwalabe. Ruwan 'ya'yan itace ne, ja wur, mai kauri, da zaƙi da ɗan tsami. Yaron ya turo murya ta waya, ya ce mai sayarwa ya tabbatar masa yana wanke ciki, yana kashe suga, amma kada a haɗa shi da ƙwayar likita, in an haɗa ba ya aiki. Malam ya sa aka kunna masa muryar nan sau uku. Ya ɗauki kwalayen da kansa ya sa ƙarƙashin gado.

Safe da yamma yake cika murfin kwalbar sau biyu ya sha, da bisimilla, yana lumshe ido. Ni na ɗauka ƙari ne a kan maganinsa. Sai wata rana ina neman ganyen shayi, na buɗe gwangwani na iske ƙwayoyin wata guda cur, ko ɗaya ba a ɓalle ba.

Na ce, "Malam, waɗannan fa?"

Ya ce, "To, Madam ta fara binciken gida."

"Ba wasa nake ba. Ka daina sha?"

"Na ajiye su ne. In kwalabe sun ƙare sai in koma wa naku."

"Bari in gaya wa majo."

Ya daina murmushi. Ya ce, "Ki gaya masa me? Cewa ɗanki ya aiko wa ubansa abin banza? Tun da aka haifi yaron nan ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ban taɓa ce masa sannu da aiki ba. Abu ɗaya nake iya yi masa, in sha abin da ya aiko yadda ya ce a sha. Shi ma za ki hana ni?"

Ban gaya wa majo ba, Rabi. Ni ma ɗan farina ne, na san abin da yake nufi.

Ranar gwaji ta zo, majo ya leƙo ya ce, "Baba, zo a soki yatsan nan." Malam ya ce, "Wayyo, majo, na riga na sha fura. Laifin Madam ne, ita ta dama." Aka yi dariya, aka ba shi ƙwayoyinsa ba gwaji. Wata na gaba ya ce ya ci ƙosai. Ina tsaye da tsintsiya a hannu, ina ji. Wanda ya zo daga nesa ba a barinsa ya tafi sai an gwada shi, amma Baba mai gadi kullum yana nan, sai a ce gobe. Ya fara ramewa, yana yawan zagayawa bayan gida, yana dafe ciki in ya ga ba mai kallonsa. In na yi magana sai ya ce ruwan ne ke fitar da cutar.

Ban taɓa mantawa da ranar kasuwar nan ba, farkon bazara. Wata Bafulatana daga wajen Tenhya ta kawo mijinta a amalanke, ba ya iya tsayuwa. Cikin ƙwaryarta akwai kwalba irin tamu sak. Majo ya juya kwalbar ya karanta, ya ce, "Inna, gaya mata wannan ba guba ba ne, ruwan 'ya'yan itace ne kawai. Amma akwai sukari a ciki, kuma tsaminsa na iya tayar da gyambo. Ba ya zama a madadin ƙwaya. Tambaye ta, yaushe ya daina shan maganinsa?"

Na juya na faɗa mata da Fulatanci, kalma bayan kalma, da bakina. Matar ta dube ni ta ce, "Da na sani ai da tuni na zo na faɗa." Na juyar wa majo wannan ma. Ina gamawa na zauna a ƙasa.

Da aka fita da su, majo ya ce, "Inna, lafiya?"

Na ce, "Majo, irin kwalbar nan tana ƙarƙashin gadonmu. Wata na uku ke nan Malam bai sha ƙwaya ba." Na gaya masa wanda ya aiko, da dalilin da ya sa ba ya son a sani.

Majo yaro ne, sa'an ɗanmu, amma ku ji abin da ya yi. Bai aika a kira Malam ofis ba. Ya cire farar rigarsa, ya ɗauki ɗan injin, ya je bakin ƙofa ya zauna a tabarmar Malam, ya jira har mutane suka ragu. Ina daga bayan bishiya.

Ya ce, "Baba, an ce an aiko maka abin daɗi daga Agadas, ka hana mu."

Malam ya waiwayo ya harare ni. Ya ce, "Gidan da Madam take ba a ajiye magana."

Majo ya ce, "Ɗan da ya tuna da cikin ubansa daga nesa, ɗa ne na kirki. Shi ba likita ba ne, abin da aka gaya masa ya faɗa. Ni ma da zan iya, da na aika wa nawa. Amma ba ni yatsan nan."

Malam ya daɗe kafin ya miƙa. Da majo ya ga abin da injin ya nuna, bai yi wasa ba kuma. A ranar ya rubuta takarda aka kai shi babban asibitin Tanut. Can suka ce gyambon ya fara zubar da jini, ƙodarsa kuma ta taɓu. Ban tambaye su ko wata ukun nan ne ya jawo ba. Na ji tsoron amsar.

Ya dawo gida ya koma shan ƙwayoyinsa, amma bai koma bakin ƙofa ba. Kwana da kwanaki bai kira ni Madam ba, sai "ke". Sauran kwalaben ya sa aka ba jikoki suka sha da ruwan sanyi. Da yaron ya kira, Malam ya karɓi wayar da kansa, ya riƙe ta fiye da yadda ya saba. Ya ce masa, "Saƙo ya iso, an sha. Kada ka ƙara wahalar da kanka, majo ya ce ya isa haka." Ya rayu har damina ta wuce.

Abin da nake so ku riƙe, ku masu farar riga, shi ne ku riƙa tambayar abin da ake sha a gida, ku tambayi wanda ya aiko, kuma kada ku zagi kwalbar, don sau da yawa ɗa ne ko 'ya ke bayanta. Ku tambayi matar, a gefe, ba a gaban mijinta ba. Sannan ku duba naku na cikin gida, mai gadi da mai shara, don su ne suka fi kowa iya kauce muku.

Ran da zai rasu, da hantsi ne, ranar aiki. Na ga jikinsa ya yi sanyi, na ce ba zan je ba. Na zauna a gefensa ina yi masa fifita. Na ce, "Malam, ka yafe mini. Ban san wanne ne laifina ba, shirun da na yi ko maganar da na yi." Ya buɗe ido ya yi 'yar dariya, ya kama bakin zanena. Bayan nan na tafi aiki kamar yadda ya ce, ban kai ga gama wanke kwanoni ba aka zo kirana.

Abin da ya ce mini kafin in tafi shi ne, "Shirun ni na sa ki, maganar kuwa taki ce, kuma gara da kika yi ta. Tashi ki je aiki, Madam, kada majo ya ce ni na riƙe ki."