Tekun da Baffa Garba Ya Bar Mini

Ina tankaɗe a tsakar gida, bayan la'asar kaɗan, Malam Idi maƙwabcinmu ya yi sallama a zaure. Sau uku ya yi, shi da bai saba wuce ɗaya ba. Da na fito na tarar ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga.

Ya ce, "Kulu, sai haƙuri. Alhaji Garba ya riga mu."

Baffana ne, yayan mahaifina, kuma a gidansa nake nan Azare tun da mijina ya rasu. Da safen nan ya tafi Katagum ta'aziyya da ƙafarsa, lafiya lau. Aka ce ya idar da sallar azahar, ya jingina da bango, shi ke nan. Na yi salati, na zauna a dakali. Allah ya yafe mini, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne ba a ba kifi abinci ba.

Ku da kuka san shi kun san akwatin gilas ɗin nan na ɗakinsa, mai ruwan gishiri, wanda unguwa ke kira Tekun Baffa. Kifi biyar ne a ciki. Na shida yana gefe, a wani ƙaramin akwati da Baffa ke kira ɗakin baƙi. Rawaya ne, faɗinsa kamar tafin hannu, da wata 'yar ƙaya mai kaifin aska a gindin wutsiya. Hukunci yake jira: a haɗa shi da sauran, ko kada a haɗa. Da Baffa zai fita da safen nan ya ce mini, "Na gama nazarin baƙon nan. In na dawo kya ji." Ban ji ba.

Kullum bayan la'asar Baffa kan ja kujerarsa ta katako gaban akwatin, ya tsoma ɗan yatsa a ruwan, ya lasa, ya ɗaga kai sama kamar mai ɗanɗana miyar amarya. Yana da abin awon gishiri, amma ya ce shi abin awon ba shi da harshe. Daga nan sai ya buga zoben azurfarsa a hannun kujera sau biyu, ƙwas, ƙwas, kifin duka su taso. Ko wane ne ya zo a wannan lokaci, sai ya jira a zaure.

A Jidda abin ya kama shi, shekarar da ya je aikin Hajji. Ya leƙa teku ya ga kifi masu launi kamar an yi musu rini. Kowa ya dawo da dabino da Zamzam, shi ya dawo da magana ɗaya: sai ya yi teku a Azare.

Gwajin farko kuwa, wayyo! Ya sa aka haɗa masa gilas, ya cika da ruwan rijiya, ya juye gishirin miya, ya ƙara da ɗan manda da kanwa wai don ruwan ya yi ƙarfi. Ya aika Katagum aka kawo masa tarwaɗa da karfasa da ransu, ya zuba. Kafin magariba duk sun juya ciki sama.

Malam Idi ya leƙo ya ce, "Alhaji, tekun naka barci ake yi a cikinsa?"

Baffa bai kula shi ba. Ya juyo gare ni ya ce, "Kulu, ɗora tukunya. Kada ki sa gishiri, na riga na sa."

Bayan wannan ne ya sami lambar wani Bakano mai shagon kifin ado a Legas. Shi ya gaya masa cewa gishirin teku daban ne, a buhu ake sayar da shi, kifin kogi kuma ba ya zama a ciki. Ya aiko masa da gishirin, da farin yashi, da wasu duwatsu masu ramuka da aka ɗebo daga teku, a jiƙe cikin leda. Ya ce a kunna injin iska mai hura ruwan, a bar shi haka nan, babu kifi, har wata guda da rabi. Baffa ya bi umarni, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba. Kullum yana gaban akwatin yana kallon duwatsu. Mutane suka riƙa zuwa kallon mai kallo.

Malam Idi ya ce, "To Alhaji, yau kuma me ake gani?"

"Ruwa ne yake koyon zama teku. Kai da kake shekara sittin kana koyon yin shiru, an matsa maka?"

Wajen zaɓen kifi kuwa, ko mai ba da hayar gida bai kai shi bincike ba. Ina jin sa a waya da mai shagon.

"Ba kyau na tambaye ka ba, malam. Hali! Me yake ci? Da wa ya taɓa zama? In ya girma bakinsa zai kai ina?"

Dokokinsa ba su da yawa. Duk kifin da wani zai iya shiga bakinsa, ba ya shiga gidan. Maza biyu masu kama ɗaya ba sa zama tare. Mai sanyin hali shi ke fara shiga ya kama wuri, mafaɗaci shi ne na ƙarshe, don ya tarar kowa ya riga ya zama ɗan gida. Sabon zuwa kuma sai ya yi makonni a ɗakin baƙi, a ga ko da ciwo a jikinsa, a ga yadda yake kallon maƙwabta ta gilas. Da haka ya fara da kifi biyu, miji da mata, masu ruwan goro da farar ɗamara. Sai wani mai tonon yashi da ya sa wa Manomi. Sai wani siriri mai kunya, rabinsa shunayya rabinsa rawaya.

Sau ɗaya ya karya dokarsa. Wani ƙaramin shuɗi ya ɗauke masa ido, ya sa shi da wuri. Cikin kwana biyu ɗan abin nan da bai kai babban yatsa ba ya kore kowa zuwa lungu guda. Baffa ya sa masa Ɗan Tasha. Ya kamo shi da 'yar raga, ya mayar da shi ɗakin baƙi mako biyu, ya sauya wa duwatsun zama, sannan ya dawo da shi.

Na ce, "Baffa, me ya sa ka birkita musu gida?"

"Don ya dawo ya rasa inda ya saba yin sarauta. Da haka ake yi wa wasu 'yan uwanmu, da an huta."

Da zafin bazara ya zo, mai shagon ya ce ruwan kada ya yi ɗumi. Baffa ya cire fankar ɗakinsa ya juya ta kan akwatin. Wutar sola da ya sa, ta injin iska ce kaɗai, ko waya ba a yarda ka sa caji ba. Ya riƙa sayo ƙanƙara a leda yana ɗorawa a kan ruwan, shi kuma yana shan ruwan randa yana fifita da murfin kwano. Na ce ya rage wa kansa ko leda ɗaya. Ya ce, "Ni a nan aka haife ni. Su baƙi ne."

A cikin duwatsun akwai wani rami babba ta gefen dama, wanda ya fi kowane kyau. Baffa ya toshe shi da ɗan dutse don kada kowa ya kama. Ya ce kifi ba ya zama lafiya sai yana da inda zai ɓuya, wannan ɗakin kuma na wanda zai zo ƙarshe ne. Ana jibi zai rasu na ga ya cire toshiyar.

Abin da zan faɗa yanzu, ban ce komai a kansa ba. Abin da na gani ne kawai.

Bayan addu'ar uku, da mutane suka ragu, na shiga ɗakin bayan la'asar da abincin kifi a hannuna. Ban zauna a kujerarsa ba. Ina tsaye, ban taɓa komai ba, sai na ji ƙwas, ƙwas. Kifin duka suka taso. Na duba kujera, na duba taga. Zoben yana cikin akwatin kayansa, ni na ajiye shi. Daga cikin ruwan ƙarar ta fito, ta gefen dama.

Washegari ma haka. Na kira Malam Idi ya tsaya tare da ni. Da aka yi ƙarar, sai ya kalle ni, ya mayar da hularsa daidai, ya ce yana da uzuri a gida. Tun ranar bai sake yi wa tekun ba'a ba.

Na lura da wani abu kuma. Ramin nan a buɗe yake, amma babu mai shiga. Manomi kan yi tononsa, in ya zo bakin ramin ya kewaye. Ɗan Tasha, wanda babu lungun da bai ƙwace ba, ya doshe shi sau ɗaya da gudu, ya ja da baya kamar an daka masa tsawa. Na haska tocila ciki. Duhu kawai na gani.

Na buga wa mai shagon. Ya yi mini ta'aziyya, ya ce kada in damu, akwai wani ɗan jatan lande da kan maƙale a irin dutsen nan tun daga teku, shi ke yin ƙara da hannunsa.

Na ce, "Dutsen shekararsa uku a gidan nan. Ban taɓa ji ba."

Sai ya ce, "Hajiya, shi dai rawayan nan kada ya daɗe a ƙaramin akwati. Ki sa shi kawai. In akwai ramin da ba kowa, zai zauna lafiya. In babu, zai yi faɗa, kuma kin ga abin da ke wutsiyarsa."

Gaskiya ya faɗa. Baƙon ya fara koɗewa, ya rage ci, yana yini yana bin gilas. Ranar Juma'ar da ta wuce na yi bismilla, na kamo shi da ragar, na kai shi har bakin babban akwatin. Ruwa na ɗiga a hannuna. Kifin biyar suka jeru a gefen hagu, ba mai motsi, duk sun fuskanci ramin. Ni ma na kalla. Na tambayi kaina tambayar da Baffa zai yi: ɗakin nan da kowa, ko ba kowa? Na mayar da baƙon inda yake.

Allah ya jiƙan Baffa Garba, ya yafe masa, ya yalwata masa makwanci, ya haɗa shi da maƙwabta masu sanyin hali. Amin.

Gishirin da ya bari saura kaɗan a buhu. Baƙon yana nan a ƙaramin akwati, kuma har yau ban yanke masa hukunci ba.