Na Je Neman Kabarin Saratu

'Yan'uwana mata na zumunta, ni ce Hannatu matar marigayi Bulus. Ban iya rubutu ba, Laraba 'yar ƙanwata ce ke rubuta muku, tare muka yi tafiyar. Kafin maigidana ya rasu a daminar bana ya ce, "Ki je ki duba Saratu." Ita ce 'yarmu ta fari, ƙyanda ta ɗauke ta tana shekara uku, a ƙauyen da ya yi aikin kafinta. Shekara arba'in ke nan ban koma ba. Sai ga labari cewa masu haƙar zinariya sun tone gonakin wurin kaf. Kullum kuka nake yi, ina tsoron sun haƙa da ita.

Anka

Ƙarfe biyar da rabi muka fita, ban ko karya ba don zumuɗi. Muka sami motar Gummi, aka ba ni gaba. Shinge uku muka wuce. A na biyu soja ya taɓa ƙunshina.

"Inna, mene ne a ciki?"

"Littafi Mai Tsarki na maigidana."

"Kin iya karatu?"

"Ban iya ba, ɗana. Ɗauka na iya."

Ya yi dariya ya ce mu wuce. Ni kuwa na rungume littafin na yi hawayena.

Nasarawa Burkullu

Ƙarfe takwas saura muka sauka. Muka ci ƙosai da kunu, muka hau babura biyu. Ban taɓa hawa mai nisa haka ba. Na riƙe rigar mai babur har ya ce, "Inna, sake ni in yi numhwashi, ba mu hwaɗuwa." Awa ɗaya da kwata muna kan turɓaya, ina ta nuna wa Laraba kukokin da na sani.

Ƙauyen

Muka iso. Inda na san gero, ramuka ne kawai da jar ƙasa, injuna na niƙa dutse. Na zauna a ƙasa na ce, Bulus, na makara.

Sai wani baƙo cikin masu haƙar ya zo ya durƙusa.

"Inna, lafiya?"

Na gaya masa. Ya ce, "Ko wurin tsohuwar nan ne da ta hana mu sakat?"

Ya kai mu. A tsakiyar ramukan ga tsamiya tsaye, an kewaye gindinta da duwatsu, an share tas. Wata tsohuwa na zaune tana ɓarar gyaɗa. Ta ƙura mini ido.

"Hannatu? Ke da ba ki iya dakan gero ba?"

Tumba ce, maƙwabciyata Musulma, mai sayar da daddawa. Muka rungume juna, kuka da dariya suka haɗu.

Ranar da za mu bar garin na ce mata ta riƙa leƙa mini yarinyar. Ni har na manta na faɗa. Ita kuwa ta dasa tsamiya a wurin. Da masu haƙa suka zo, 'ya'yanta suka ba da gonar da kabarin yake ciki, sai ta kwaso tabarmarta ta zauna.

"Na ce musu wanga wuri amana ne, akwai ɗiyar mutane. Wanda ka son zinariya shi hwara haƙe ni."

Baƙon ya ce, "Wata biyu tana nan, Inna. Da muka gaji, mu muka jera duwatsun."

Tun da na ji labarin nake roƙon Ubangiji ya tada wani babba, mai takarda da hatimi, ya kare wurin. Ashe tuni ya zaunar da mai daddawa. Na ɗora littafin Bulus a gindin tsamiyar, na rera waƙar da yake so, Tumba na riƙe da hannuna.

Komawa

Muka kwana gidanta, ta yi mana tuwon dawa da miyar kuka. Ƙarfe bakwai muka kamo hanya, kafin azahar muna Anka. Na gode wa Yesu da ya kai mu ya dawo da mu, na gode muku da addu'a.

Tumba ta cika mini gyale da tsamiyar itacen. Ranar Laraba ku zo, zan dama mana kunu.