Gidan Nan Ba Na Sayarwa Ba Ne

Aji huɗu na yi a firamare, amma a Anguwan Rogo wannan ya isa a kira mutum masanin Turanci. A shekarun dubu biyu 'yan damfara suka ɓullo da sabon salo: mutum yana kasuwa, a sayar da gidansa bai sani ba. Sai kowa ya so a rubuta masa a bango, da Turanci, cewa gidansa ba na sayarwa ba ne. Ni ke rubutawa, da jan fenti da tsanin aro. Na tsare wa mutane gidaje ba adadi, ni kuwa haya nake, ciki da falo, ni da tsohuwata.

Ina da aboki Bafulatani, tare muka yi lodin kabeji a Farin Gada muna samari. Ni Babarbare ne, haƙar kuza ta kawo ubana Jos, saboda haka bawana nake ce masa, shi ma haka yake ce min, ko da yake kowa ya san mai gaskiya a cikinmu.

Tun kafin wannan zamani aka yi mana tayin filaye biyu a Naraguta, gefen wani kududdufin da masu kuza suka bari. Muka je gani tare. Na buga ƙafa a ƙasa, na karkata kai kamar likita na sauraren ƙirji.

"Ƙarƙashin nan rami ne," na ce. "Ubana ya tona wurin nan. Kana gini, kana nutsewa."

"Ni dai ga shanu can suna kiwo, ban ga wadda ta nutse ba," in ji shi.

Na yi masa dariya har da riƙe ciki. Ya sayar da bijimansa ya sayi filinsa, ya haɗa da nawa. Ni kuma na sayi babur, wanda bai daɗe ba ya riga mu gidan gaskiya.

To, gari ya yi ta rikicewa yana lafawa, mutane na tashi daga wannan unguwa suna komawa waccan, haya ta yi tsada. Ga ɗaliban jami'a sun cika ko'ina suna neman ɗaki ko da na kaji ne. Bafulatanina ya jera ɗakuna a filin nan, har da rijiya. Na jira su nutse. Damina uku ina jira. Duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi sai in tambayi masu zuwa daga Naraguta, "Lafiya dai can?" Su ce lafiya ƙalau. In ce alhamdu lillahi, amma Allah ya san yadda nake faɗinta.

Da ya kira ni in rubuta masa a bango, na je. Na yi masa baƙaƙe ƙanana, karkatattu, na tsinke fentin da ruwa. Aikin da ban taɓa yi wa kowa ba.

Ana nan, wata safiya mai gidan da nake haya ya yi sallama, riƙe da gwangwanin farin fenti.

"Malam, rubutun nan naka na bangonmu, a taimaka a shafe."

Ashe ya sayar da gidan. Mai saye zai rushe ya yi shaguna, an ba mu wata uku. Da hannuna na shafe, kuma wallahi shi ne rubutu mafi kyau da na taɓa yi.

Na bi dillalai har takalmina ya cinye. Wannan ya ce kuɗin shekara biyu a dunƙule, wancan ya nuna min ɗakin da in ka miƙe ƙafa sai ta leƙa waje. Saura mako biyu tsohuwata ta ce, "Malam, ka je wurin abokinka."

"Babarbare ya roƙi bawansa?"

"To ka nemo mana inuwar da za mu aje tukwane."

Na ɗauki jan fentina na tafi, wai na zo gyara rubutu ne. Na same shi a bakin rijiya. Ya dubi bangon, ruwa ya wanke kusan komai, ya dube ni.

"Bawana, aikinka ya nutse, gidan bai nutse ba."

Na hau tsani. Ina cikin rubutu ya ce, "Na ji an sayar da ku har da bango."

"Tsegumin Fulani ne."

"Ɗaki biyun can na ƙarshe ɗalibai sun tashi. A filinka suke, wanda ka ce rami ne. In ba ka tsoro, ka shiga. Dama ina neman mai gadi."

Na so in ba shi amsar da za ta ƙona shi. Na tuna tukwanen tsohuwata, sai na ce, "Zan duba ƙasar tukuna."

Na sauko na buga ƙafa, na karkata kai. Na ce har yanzu akwai rami, amma zai iya ɗaukar mutum biyu marasa nauyi.

Ranar Asabar muka tare. Rubutun kuwa na yi shi manya-manya, fenti biyu, ana hango shi daga titi. Kullum da safe in na fito sai in gan shi, sannan in je in ɗebi ruwa a rijiyarsa. Ruwan ma, don baƙin ciki, daɗi ne da shi.