Mataccen Maɓallin Mang Doroy

"To, wa ya aike ki?" in ji Mang Doroy. Ya sake danna maɓallin fiyanon, sauti ya fito garau.

"Haba Kawu, kyauta ce fa," in ji Luning, wadda ta gaji kulob ɗin da yake kiɗa a ciki daga mahaifinta. "Shekara talatin kana kaɗa fiyano mai giɓi. Na ce tunda yau matarka Aling Sening za ta dawo waƙa, bari a sa masa haƙori."

Badong mai ganga ya tuntsire da dariya. "Da bakin Doroy kika fara kai wa mai gyaran."

"Kai dai ci burodinka, kurma," in ji Doroy, amma bai yi dariya ba.

Shekararsa saba'in da huɗu. Yana ɗan sha shida ya fara kaɗa wa ma'aikatan jiragen ruwa kiɗan jaz a garin Olongapo. Daga nan sai otal-otal na Hong Kong da Tokyo, har ya dawo unguwar Malate a Manila da kwat ɗaya da mata mai murya, wato Sening. A shekarar da ruwa ya shiga kulob ɗin, maɓalli ɗaya ya mutu. In an danna shi, sai dai a ji ƙwas, kamar an ƙwanƙwasa ƙofa. Da wani makaɗin ne, da ya riƙa tsallake shi. Doroy kuwa ya mai da shi alama. Kafin Sening ta fara waƙa, yakan yi ta yawo a kan fiyano, yau ta nan, gobe ta can, ba ya maimaita hanya. Da ya danna mataccen, ta san lokacin shigarta ya yi.

Shekara biyu ke nan rabonta da dandamali, tun da aka yi mata aiki a maƙogwaro. Da ƙyar ya lallashe ta. Ta ce, "In na yi tuntuɓe sau ɗaya a gaban mutane, na sauka ke nan har abada." Sening kuwa ba ta magana biyu.

Kiɗan Lahadi ƙarfe huɗu na yamma yake farawa, ga shi saura minti ashirin. Doroy ya buɗe cikin fiyanon ya cusa hankicinsa don ya sake kashe maɓallin. Maɓallai uku suka mutu tare, wanda yake nufi kuma yana nan da ransa. Ya zare hankicin.

"Bari ni in buga mata gefen ganga ya zama alamar," in ji Badong.

"Kai? Muna Lahadi kana Litinin?"

Sening ta iso daga coci cikin koriyar riga, tana ta murza carbinta. Da ya dube ta, sai ya kasa gaya mata an gyara maɓallin.

Kujeru suka cika. Doroy ya fara. Duk sanda ya zo kusa da maɓallin, sai ya kauce ya sake sabon zagaye. Mutane suka ɗauka gwaninta ce, suna ta tafi, shi kuwa gumi ya jiƙa masa wuyan riga. A zagaye na biyar ya rufe ido ya danna. Sautin bai gama fita ba, muryar Sening ta riga ta hau kansa, daidai wa daida. Ta ɗan dushe, ta yi ƙasa, amma tata ce. Aka yi ta buga cokula a jikin kofuna, Luning na share ido, tire a hannunta.

Da aka tafi hutu, Doroy ya ja Sening gefe. "Yaya aka yi kika gane? Babu ƙwas ɗin fa."

"Wane ƙwas? Tsoho, da hayaniyar Badong, shekara goma rabona da jin sa. Ai in za ka ba ni hanya, harshe kake zarowa, kamar tela zai sa zare a allura."

"Ni? A gaban jama'a?"

"Tun muna Hong Kong."

Badong ya ƙware da kofi saboda dariya.

"Kawu, in kira mai gyaran ya sake kashe shi?" in ji Luning.

"Bar min shi. Shekara talatin ba mu gaisa ba, akwai hira tsakaninmu."

Ya tattara 'yan takardun da masu sauraro suka rubuto waƙoƙin da suke so, ya cusa a aljihun kwat. Ya nufi fiyano yana dafe baki da hannu ɗaya.