Tandun Tozalin Inna Dije

Har yau ban manta da ranar da aka aiko mini daga wani gida a Kwatarkwashi ba, shekarar da ake shimfiɗa layin dogo zuwa Gusau. Lokacin na daɗe ina ungozoma. Ku masu koyo ku sani, aikinmu ba ya ƙarewa a yanke cibi. Jariri namu ne har ranar suna.

Na tarar yaron da na karɓi haihuwarsa shekaranjiya idanunsa sun kumbura, kwantsa ta liƙe su kamar an shafa kunu. Uwarsa Hassu sai kuka take. Babbar ɗiyarta na zaune bakin ƙofa, hakiya ta rufe mata ido ɗaya, kuma da irin wannan ciwon ta fara.

A gidan, kaka ce ke sa wa kowane jika tozali daga tandunta na gado. Ina tsaye Inna Dije, uwar maigida, ta lashi tsinken, ta zizara a idanunta masu ruwa, ta nufi yaron. Na yi maza na tare hannunta.

"Inna, wanga yaro ba tozali sai ya warke."

"Mi kika ce? Da shi na buɗe idon ubansa. Kin fi ni son jikana ne?"

Na san halinta. In na ja da ita za a nuna mini ƙofa, yaro ya makance. Sai na ce, "Ai ke nake nema, Inna. Ba wanda zan ba amanar audugarsa sai ke."

Na sa ta wanke hannu, tana yago mini sabuwar auduga. Ni kuma ina tsomawa a tafasasshen ruwan da ya huce, mai ɗan gishiri, in share daga gefen hanci zuwa waje, in jefa wuta. Kowane ido da tasa audugar, safe, rana da yamma. Tsohuwa ta zama mai gadi, ko uban ba ta bari ya taɓa fuskar.

Ranar suna, kafin wanzami ya iso, yaron ya buɗe ido tar a cinyar Inna Dije. Ta ciro tandun, ta daɗe tana kallon babbar jikar. Sai ta ɗaure bakin tandun ta cusa cikin adudu. "Na tsufa da kwalliya," in ji ta.

Abin da na koya shi ne, in za ki karɓe abu a hannun tsohuwa, ki sa mata wani a ciki. Yaron nan maɗinki ne yanzu a Sabon Gari, shi ke zura mini zare a allura.