Mushe Namata da moter ɗin da ya riƙe ni a lakwal

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mushe Namata, malaminmu na lakwal, wato makarantar boko, ya rasu.

Yau da safe labarin ya iske ni ina shanya. Ɗiyarshi ce ta kira daga Dogon Dutsi, ta ce, "Inna Hadiza, Baba ya cika bayan asuba." Na zauna bisa turmi da jiƙaƙƙen zane a hannu, ban san daɗewar da na yi ba.

Ku da kunka san ni da farar riga a asibitin haihuwa, wallahi ba don mutumin nan ba da ban taɓa saka ta ba.

Ƴan shekaru bayan samun ƴancin kai anka turo shi ƙauyenmu, can gefen Matankari. Saurayi ne siriri, da keke mai fitila. Lakwal ɗinmu rumfar kara ce, da sabuwar tuta bisa gora. In ya ga yaro na gyangyaɗi ba ya duka, sai ya ɓare gyaɗa ya aje mishi a gaba.

Ni kuwa yarinya ce mai sakin baki. A aike ni rijiya, sai a iske ni tsaye ina kallon guguwa tana tafiya cikin gona. Kakata, wadda ta rene ni, ƴar bori ce. Ta ce wanga kallo ba na banza ba ne, Doguwa ce ke son ɗiyar. Da an gama girbi za ta fidda ni daga lakwal in zauna kusa da ita.

Na sha kuka, don ina son lakwal kamar raina.

Mushe ya je gidanmu, ya tuɓe takalmi tun daga ƙofa, ya durƙusa. Bai yi mata gardama ba. Ya ce, "Inna, ki zo ki ga abin da hannun jikarki ya iya, sannan ki yanke." Ta ce ranar kasuwa za ta biyo.

Abin shi ne moter, ɗan inji mai juyawa da ƙarfin lantarki. Ya samo wayar jan ƙarfe daga mataccen hon ɗin mota. Ni na naɗe ta a jikin kara, na zare karan, ta zama zobe mai hannuwa biyu. Ya yanka gwangwani ya yi mata ƙafafu bisa katako, ya aje mayen ƙarfe a ƙasa, ya haɗa da pil, wato batirin tocilarshi. Ya nuna mini wayar tana da wata siririyar riga kamar ƙaro. Hannu ɗaya za a kankare duka, ɗayan rabi kawai, sauran jikin kuma ba a taɓa shi.

Don ɗoki na tafi da zoben gida a ƙulle a bakin zane.

Kash! A wajenmu ba a kai ƙarfe gaban jama'a da dauɗa. Da safe ina rijiya, Kaka ta kwance ƙullin, ta samu toka da yashi da ruwan tsamiya, ta dirje zoben yadda take yi wa mundayenta. Ta miƙo mini yana walƙiya, ta ce, "Haka za ki kunyata ni da baƙin abu?"

Ranar kasuwa rumfa ta cika. Mushe ya ɗora zoben, ya taɓa shi da yatsa. Shiru. Ya sake. Sai zafi da abin ya ɗauka. Ya ɗaga shi ya duba a rana, ya kalle ni, ya kalli Kaka, na ga dariya na son kuɓuce mishi.

Ya ce, "Inna, kin yi mishi wanka mai kyau, sai dai kin tuɓe mishi riga. Bari mu yi wani."

Ba shi da sauran waya. Gabanmu ya jawo kekenshi, ya fasa dinamon da ke ba fitila wuta, ya warware wayar ciki. Har ya bar ƙauyenmu keken nan bai sake samun fitila ba.

Na sake naɗi. Ya miƙa wa Kaka ƴar wuƙa, ya ce ita za ta kankare, rabi kawai. Ta kankare tana mita. Ya ce ta tura da yatsanta.

Jama'a, ya juya.

Har gobe in na lumshe ido ina ganinshi. Rana na tsiyayowa ta tsakanin kara, zoben na gudu har ya ɓace, sai wani jan haske zagaye a tsaye cikin iska, da ɗan sauti kamar na sauro. Na ji kamar rumfar ta tashi da mu a hankali, ta bi ta bisa gonakin gero.

Kaka ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wa ka juya shi?"

"Ba kowa, Inna."

"To mi shika ci?"

"Pil."

Ta gyara mayafi ta ce, "In dai shina juyawa, ta zamna. Ranar da ya tsaya, in ɗauki abata."

Ba wasa take ba. Kowace kasuwa sai ta leƙo. Mushe na hango jan mayafinta daga nesa zai haɗa waya, ta tsaya ta gani, ta wuce. Duk mai zuwa Dogon Dutsi sai Mushe ya ba shi saƙon pil. Haka munka yi har na ci jarrabawa na tafi kwalej, ina alfahari moter ɗina bai taɓa tsayawa ba.

Bayan Sallar layyar da ta wuce na je gaishe shi. Idanu sun tafi, amma da na yi sallama ya ce, "Mai kallon guguwa ce?" Munka yi dariya har da hawaye. Na ce, "Mushe, yaya anka yi bai taɓa tsayawa ba?"

Ya ce, "Ya tsaya, ɗiyata."

Ya ce wata damina ruwa ya yanke hanya, ba mota, ba pil. Ranar kasuwa ya aike mu duka sharar fili don kada in gani. Kaka ta shigo, ya haɗa waya, abu ya ƙi. Ya ce gumi ya jiƙa mishi riga, ya buɗe baki zai roƙe ta.

Ta ɗaga mishi hannu. Ta sunkuya, ta cika baki da iska, ta hura wa zoben. Ya juya, ya juya, ya tsaya.

Ta ce, "Shina juyawa. Ni na gani." Ta ɗauki ƙwaryarta ta fita.

Har ta koma ga Allah ba ta faɗa mini ba. Na yi shekaru ina zaton da ƙyar na kuɓuce mata, ashe ita ta sake ni da bakinta. A gaban Mushe na yi kuka kamar ƴar aji ɗaya, shi kuma yana lalubar kaina yana cewa ya isa.

Ya Allah ka gafarta wa Mushe Namata, ka haskaka kabarinshi, ka ba iyalinshi haƙuri. Ya Allah ka ji ƙan Kakata, ka yafe mata abin da ta sani da wanda ba ta sani ba.

Don Allah duk wanda ya karanta, kada ya wuce bai yi musu addu'a ba. Su biyun, ku haɗa su.