Fensirin Gwaggo a Bencin Ƙarshe

A makarantarmu, duk sabon malami sai an haɗa shi da tsohon hannu har tsawon wata uku, kafin a yanke ko zai zauna ko zai kama gabansa. Ni da Gwaggo aka haɗa ni. Ta shekara talatin da ɗoriya tana koyarwa, har shugaban makaranta da furfurarsa Gwaggo yake ce mata.

Ba ta gyara wa mutum a gaban yara. Sai dai ta cusa kanta a bencin ƙarshe, gwiwoyi sun tokare tebur, ta lumshe ido kamar mai gyangyaɗi. Fanka na juyawa a kasalance, garin alli na yawo cikin hasken taga, ka rantse ta yi nisa a mafarki. Amma fensirinta bai tsayawa. Duk inda ƙafarka ta taka a ajin, layi na bin ka a takarda.

Ranar farko ta miƙo min tawa takardar, wani baƙin dunƙule ne a gindin allo.

"Gwaggo, mene ne wannan?"

"Ke ce, 'yar nan. Minti arba'in kina manne da allo. Mijinki ne?"

Na ji haushi, kunya kuma ta fi haushin yawa. Gaskiya tsoron yaran nake ji, su hamsin da biyu, ga shi bakin Gwaggo ake jira a bar ni ko a sallame ni. Ni kuwa ina son aikin nan har cikin raina.

A hankali dunƙulen ya soma warwarewa. Layin ya ratsa tsakiyar aji, wani makon ya leƙa taga, ya zagaya ta bayan masu surutu. Ko sau ɗaya ba ta ce min madalla ba.

A makon ƙarshe na koyar da yadda ruwan sama ke haɗuwa. Har na manta tana wurin. Da aka kaɗa ƙararrawa ta miƙo takarda, fara fat, ko ɗigo babu.

"Gwaggo, lalacewar har ta kai haka?"

"Mantawa na yi," in ji ta, tana lalubar takalminta a ƙarƙashin benci. "Ina can cikin gajimare tare da yaran. Gobe ba zan zo ba, 'yar nan. Ajinki ne."